Darasi Na 18: Yaron Da Ya Sa Iska Aiki

Idan ka fita birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa, ka taɓa 'yar tafiya, za ka iske Gidan Ɗan Hausa. A nan Nassarawa ne wani Bature, Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko cikin 1909. A lokacin iyaye da yawa sun ƙi ba da 'ya'yansu, suna tsoron kada su lalace. Yau ga likitoci da injiniyoyi cikin jikokinsu.

Duk da haka, har yanzu akwai uban da in ya ga ɗansa yana kwance tsohuwar rediyo, sai ya ce shiririta ce. To, ga labarin wani yaro mai irin wannan hali, daga wata ƙasa mai nisa, don mu yi tunani.

Sunansa William Kamkwamba, ɗan wani manomi a ƙauyen Wimbe, ƙasar Malawi. An haife shi cikin 1987. Cikin 2001 aka yi yunwa a ƙasarsu. Ubansa ya kasa biyan kuɗin makaranta, yaro ya dawo gida. Amma bai bar karatu ba. Kullum sai ya tafi wani ɗan ɗakin karatu ya ari littafi. Ran nan ya ga hoton wata na'ura mai fukafukai, wadda iska ke juyawa ta ba da lantarki. Ya ce shi ma sai ya yi irinta. Shekarunsa 14.

Ya shiga bin juji yana tsintar ƙarafa. Mutanen gari suka ce ya haukace. Hankalin uwarsa ya tashi. Ya roƙi ubansa wani mataccen keke, da fari ya hana shi, daga baya ya ba shi. Wani abokinsa ya saya masa danamo, irin na fitilar keke.

Ga yadda abin ke aiki. Iska ta bugi fukafukai, su juya. Su kuma su juya ƙafar keke. Ƙafar keke ta juya danamo. A cikin danamo akwai maganaɗisu da naɗin waya. In maganaɗisu ya juya kusa da waya, sai lantarki ya samu.

Yaro ya kafa hasumiya ta itace, ya ɗora na'urarsa a kai. Jama'a suka taru su yi dariya. Iska ta taso, sai ga fitila ta kama! Labari ya bazu, masu taimako suka mai da shi makaranta. Cikin 2014 ya gama karatu a Kwalejin Dartmouth ta Amurka.

Jama'a, ba kowane yaro ke samun mai taimako daga waje ba. In ɗanka ko 'yarka na yawan tambaya, kada ka kore su. In ba ka da kuɗi, ai kana da baki, ka ƙarfafa musu gwiwa.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka buɗe makarantar Nassarawa?
2. Me ya fitar da William daga makaranta?
3. Me ke cikin danamo?
4. Rubuta wannan a allonka: Mai nema yana tare da samu.