Alawa da Cakulan a Gida: Yadda Kowa Zai Sha Zaƙinsa Ba Tare da Ɓarnar Kuɗi Ba

Uwargida, a gida ɗaya za ki tarar da wanda ba ya ƙetare tuwon madara, da wadda ba a raba jakarta da Tom Tom, da yaron da in ba cakulan aka miƙa masa ba sai ya turo baki. Kuɗin kayan zaƙi ba sa cika ido, amma da kaɗan-kaɗan suke zurarewa, sau da yawa a kan abin da ya narke a hanya, ko wanda kiyashi ya riga ki, ko wanda aka gutsura aka ajiye. Ga abin da na ga yana aiki.

1. Ki san bakin mutanen gidanki kafin ki buɗe jaka.
Masu shan zaƙi kala-kala ne: akwai mai son madara, akwai mai son abin da zai yi ƙurus a baki irin kantun riɗi, akwai mai son tsami-tsami irin ɗan tamatsitsi da tsami gaye, akwai kuma mai neman yajin na'a-na'a. Ki sayo ɗaiɗai daga kowane iri ki zube a faranti da yamma, ki zuba ido ki ga inda hannun kowa ke komawa. Abin da ya kwana a farantin, kada ki ƙara sayensa ko da an karya kuɗinsa.

2. Kada sunan ƙasar waje ya ruɗe ki.
Baki abin da ya saba da shi tun yarinta yake bi: mutanen Amurka sun tashi da cakulan ɗin Hershey suna santinsa, Turawan Ingila da yawa kuwa in sun ɗanɗana sai su ce tsami suke ji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, don haka in maigida ya ce gullisuwa ta fiye masa cakulan ɗin Suwizalan, ba ƙauyanci ba ne, sauƙi Allah ya kawo miki.

3. Juya bayan takardar ki karanta.
Cakulan na ainihi da man koko ake yin sa, shi ya sa yake narkewa sumul da ya hau harshe; mai arha kuwa da man girki irin na ƙwarar kwakwar manja ake haɗa shi, sai ki ji ya bar maiƙo a dasashi. A 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 bayan noman ya yi rauni a Kwaddibuwa da Ghana, ƙasashen da ke samar da fiye da rabin kokon duniya, to in kin ga ƙaton cakulan a kuɗin biskit, kin san abin da ke ciki. Tun da kin riga kin juya, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi.

4. Ki gane abin da lambar nan ta gaba take nufi.
In an rubuta 70%, kashi 70 cikin 100 daga koko ne, suga kaɗan, ɗaci-ɗaci da yawa; mai cin goro da mai shan shayi ba suga su ne mutanensa. Yara kuwa mai madara suke so, fari kuma babu garin koko a cikinsa sam, man koko ne da madara da suga. Ni dai baƙin na fi so, don gutsure biyu ya ishe ni, amma ba na bai wa yara shi da dare, saboda yana da ɗan sinadarin nan na kofi mai hana barci.

5. Sayen cakulan na yamma ne.
Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ranar Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa tana wuce 40. Ki saya a kantin da ke da sanyi, ba a tiren da ya wuni a bakin titi ba, ki kuma sa shi ya zama sayayyar ƙarshe kafin ki hau Keke. In wani naki zai je Kumasi ko Akara, ki ba shi sautun Golden Tree da ake yi a Tema, yana da tauri kuma ya fi yawancin na Turai jure zafinmu.

6. Firji sai da dabara.
Cakulan yana jan wari, in ya kwana kusa da daddawa ko ragowar miyar kuka, za ki ji su a ciki. Ki naɗe shi a leda ki sa a roba mai murfi, in kin fito da shi kuma ki bar robar a rufe ta huce tukuna, don kada raɓa ta sauka a kansa. In wutar unguwarku ta je-ka-ka-dawo ce, gara ki ajiye robar a gindin randa, don narkewa da daskarewa a kai a kai sun fi zafi ɗaya ɓata shi.

7. Fari-farin da ya fito a jikinsa ba ruɓa ba ne.
Mai ne ko suga ya taso sama bayan zafi ko danshi ya taɓa shi, kuma ba ya cutarwa muddin wa'adi bai wuce ba, ba ya kuma warin daɗewa. Ki yayyanka shi ki narka a madara mai zafi da safe, ko ki ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi ki narka ki tsoma dabinon da kika cire wa ƙwallo. Ki dai kiyaye ko ɗigon ruwa kada ya faɗa kwanon, nan take zai dunƙule.

8. Kiyashi da damina.
Kwalbar bama da kika wanke ta bushe sarai ta fi kowace leda, in kiyashi ya nace ki zaunar da ita a faranti mai ruwa. Da damina alawa mai tauri tana yin gumi ta manne da takardarta, don haka sarin fakiti a Kasuwar Singa ki bar shi sai hunturu ko gab da salla.

9. Yi naki tuwon madarar, sirrin yana wurin dafa suga.
Ki ɗora suga da ruwa kaɗan a wuta marar ƙarfi, in ya fara kauri ki ɗiga shi a kofin ruwan sanyi: in ya baje bai yi ba, in ya dunƙule yana lanƙwasuwa a yatsa to ki sauke ki zuba madarar gari kina tuƙawa da sauri. Ki juye a farantin da kika shafa wa mai, ki murza da kwalba, ki yanka tun da ɗuminsa, don in ya huce sai dai ki fasa. Riba biyu ke nan: ke kika auna sugan, kuma kin san ruwan da aka yi da shi.

10. Riɗi da gyaɗa, a tsince su tukuna.
Riɗi sai an rege shi an fitar da yashi, an shanya, sannan a soya sama-sama har ya fara tsalle a kasko. Minti ɗaya na sakaci sai ɗaci. Gyaɗa kuwa duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yamushe ko ta yi fumfuna ki zubar, domin tana iya ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. Shi sugan kantu sai ɗigonsa ya karye ƙas a ruwan sanyi, a lokacin zafinsa ya kai wajen digiri 150, ya fi tafasasshen ruwa nesa, kuma manne wa fata yake yi, saboda haka a kori yara daga madafi.

11. Zaƙi bayan abinci, ba tsotson wuni ba.
Duk lokacin da suga ya shiga baki, ƙwayoyin cuta suna mayar da shi tsami mai cin haƙori na kusan rabin awa, don haka alawa uku a zama ɗaya sun fi guda uku da aka rarraba daga hantsi zuwa magariba sauƙin ɓarna. Masu danƙo irin iloka da hanjin ligidi, da alawa mai tsinke da ake daɗewa ana tsotsa, su suka fi ta'adi. A kurkure baki da ruwa bayan an sha, da dare kuma buroshi ko asuwaki kafin a kwanta, ba fashi.

12. Ki yi lissafi da cokalin shayi.
A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin mutum a rana, wato wajen giram 50 ko cokali 12 ga babba, in an rage zuwa cokali 6 ma ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan kaso, ballantana an sha shayi mai kauri da safe. Ranar da za a yi zoɓo ko kunun aya mai zaƙi, alawa ta jira gobe.

13. Ƙananan yara ba su da rabo a alawa mai tauri.
Yaron da bai kai shekara 4 ba, dunƙulalliyar alawa da cingam da gyaɗa guda suna iya maƙale masa a maƙogwaro, musamman yana gudu ko yana dariya. Ki ja kunnen yayyensa, don su ne masu tura wa ƙani a baki da sunan kirki. Zuma kuma ba a bai wa jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko lasa.

14. Alawar yawon salla, a yi mata banki.
In yara sun dawo da aljihu cike, kowa ya zube nasa a kwalbar da aka rubuta sunansa, ya riƙa cirar biyu bayan abincin rana. Ki bar su su yi musaya a tsakaninsu, mai son Buttermint ya karɓa ya ba da Choco Milo. Rigima tana raguwa in kowa ya san ba a ƙwace masa ba.

15. Tambayi baƙo kafin ki cika masa gaba.
Dattawa da yawa suna fama da ciwon suga amma kunya ba za ta bar su su mayar da alkaki ko dubulan ba, sai su ci su je gida su sha wuya. Ki yanka kayan zaƙin ƙanana, ki haɗa da soyayyar gyaɗa ko aya a gefe don mai ƙin zaƙi ya sami abin taɓawa. Kada kuma ki ce dabino da mazarƙwaila da zuma ba komai don ba daga kanti suka fito ba, su ma suna ɗaga suga. In Hajiya ta ce guda ɗaya ya ishe ta, ki ƙulle mata sauran a leda ta kai wa jikoki.