Yadda Uba Zai Shigo da Besbol Gidansa a Amurka Ba Tare da Ya Rasa Lahadi Ba

Ranar da babban ɗana ya dawo daga makaranta da takardar shiga ƙungiyar besbol ta unguwa, ni ko yawan 'yan wasan ban sani ba. A Jos na tashi, ƙwallon ƙafa na iya, sai ɗan langa da muka yi muna yara. Na karɓi takardar na juya ta gaba da baya, na ce masa, "To, bari mu gani." Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan 'bari mu gani' naka fa mun san ƙarshensa." Yau shekara shida ke nan, ni ne mai wanke kwanoni da dare da rediyo a kan taga ina bin wasan ƙungiyar Phillies, yara na ce mini in rage murya. Abin da ke ƙasa shi ne hanyar da na bi, har da wuraren da na yi tuntuɓe, don ɗan'uwa Kirista da ya sami kansa da iyali a ƙasar nan.

Mataki na farko: ka fahimci wasan

Kada ka tsaya haddace littafin dokoki. Wannan ya ishe ka somawa. Ƙungiya biyu ce, kowacce mutum tara. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili, sannan su yi musanya. A filin akwai zango huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i: na farko, na biyu, na uku, sai gida. Mai jifa yana tsakiya, yana jefa wa mai bugu ƙwallo. In mai bugu ya dake ta, sai ya yar da sanda ya sheƙa zango na farko. Duk wanda ya zagaye zangunan ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

Ana fitar da mai bugu in ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ko aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ko ƙwallon ta riga shi isa zango na farko. In kuma mai jifa ne ya baude sau huɗu, mai bugu ya sami zango na farko kyauta. An fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya, an yi turmi guda ke nan, kamar yadda 'yan dambe ke faɗa. Amurkawa na ce masa inin. Manya turmi tara suke yi, yaran ƙungiyar unguwa irin Little League shida. Babu agogon da ke tashin wasa, abin da ya fi ɗaure wa ɗan ƙwallon ƙafa kai ke nan.

Ka zauna ka kalli wasa biyu ko uku a talabijin tare da yaron, ka bar shi ya yi maka bayani. Ba abin kunya ba ne. Ban taɓa ganin ɗana yana ji da kansa kamar ranar da ya gyara mini kuskure ba.

Mataki na biyu: kaya

Safar hannu ta fata, ƙwallo, sanda, hular kwano. Safar a hannun da yaro ba ya jifa da shi ake sa ta, wato mai jifa da dama a hagu zai sa. Kada ka sayi babba wai don ya girma a cikinta, kamar yadda iyayenmu suka yi mana da takalmin Kirsimeti. Ɗan shekara bakwai ko takwas, inci 10 da rabi zuwa 11 ya ishe shi, in ta fi haka ba zai iya rufe ta ba. Sabuwar safa tauri gare ta, sai a cusa ƙwallo a tafinta, a ɗaure da igiya ta kwana, a yi ta haka har fatar ta saki. Ta hannu, wadda wani yaro ya riga ya laƙanta, ta fi sabuwa daɗin aiki, ta kuma fi araha. Ka tambaya a coci. Da wuya ka rasa gidan da ke da guda biyu a gareji.

Sanda kuwa, ka duba ko tana da tambarin USA Baseball, domin tun 2018 shi Little League ke nema a sandunan ƙarfe na ƙananan yara. Kai ma ka sayi safa taka. Wannan ba almubazzaranci ba ne, mataki na gaba zai nuna maka dalili.

Mataki na uku: jifa da cafka

In ka yi wannan kaɗai ka bar sauran, ka yi rabin aikin. Uba da ɗa su tsaya a bayan gida suna jefa wa juna ƙwallo, shi ne tushen besbol a gidajen Amurka, har fim ɗin nan Field of Dreams na 1989 da shi ya ƙare.

Ƙwallon besbol ba ta kai lemun zaƙi babba ba, nauyinta gram 142 zuwa 149, amma tauri gare ta kamar dutse. An lulluɓe ta da farar fata, an ɗinke da jan zare ɗinki 108. Da ƙaramin yaro kada ka fara da ita. Fara da ƙwallon tanis, ko mai laushin da ake yi don 'yan koyo. Na san abin da nake faɗa. A makonmu na farko na jefa wa ɗana ta gaske, daga sama, da ƙarfin da nake jifan mangwaro a da. Ta zame daga bakin safar ta same shi a leɓe. Jini kaɗan ne, amma sai da muka yi mako uku yana kau da fuska duk lokacin da na ɗaga hannu. Cire tsoron nan ya fi koya masa jifa wuya.

Ga yadda ake yi. Ku tsaya taku biyar ko shida tsakaninku. Ka jefa daga ƙasa, a hankali, ka auna ƙirjinsa ta ɓangaren safar. Ka koya masa abu ɗaya tak a ranar farko: ƙwallo in ta zo sama da cibiya, yatsun safa su kalli sama, in ta zo ƙasa da cibiya, su kalli ƙasa. Yaro in aka bar shi zai tara safar kamar mai karɓar sadaka, tafi a sama, kuma daga nan ne ƙwallo ke tsalle ta doki fuska. Ɗaya hannun ya tsaya kusa, da ƙwallo ta shiga ya rufe ta.

Wajen jifa, manuniya da ɗan yatsan tsakiya su hau kan ɗinkin su gitta shi, babban yatsa a ƙasa. Mai ƙaramin hannu ya sa yatsu uku. Ya juya kafaɗarsa ta safa ta kalli wanda zai jefa wa, ya ɗaga gwiwar hannu daidai kafaɗa, ya taka da ƙafar da ke gaba, sannan ya sake. Yawancin yara da ƙafar da ba ita ba suke takawa. Kada ka yi ta surutu, ka aje ganye ko murfin kwalba a inda kake so ƙafar ta sauka, ka ce ya taka shi.

Duk bayan cafka goma ba faɗuwa, kowa ya ja baya taku ɗaya. Minti goma sha biyar ya isa, kuma ku tashi tun yana so a ci gaba. A gidanmu bayan cin abincin dare muke yi, kafin addu'ar iyali. A watan Yuni rana kan kai ƙarfe takwas da rabi ba ta faɗi ba a nan Pensilbaniya.

Wani abu da ban zata ba: yaron da za ka tambaya "Yaya makaranta?" ya ce "Lafiya" ya wuce, in ƙwallo na kai da komo tsakaninku sai bakinsa ya buɗe. Ido na kan ƙwallo, ba a kan fuskar Baba ba. A haka na ji labarin wani yaro da ke yi masa dariyar sunansa a aji, a haka kuma ya tambaye ni ko kakarsa da ta rasu tana ganinmu. Ni dai na cafe, na mayar, na amsa iyakar sanina.

Kada ka bar 'yarka a bakin ƙofa tana kallo. Tun 1974 aka buɗe wa 'yan mata Little League, kuma a 2014 Mo'ne Davis, 'yar shekara 13 daga Filadelfiya, ta yi jifa a gasar duniya ta yara har aka tashi ba a ci ta ko maki ɗaya ba. Auta tamu ta fi wanta saitin hannu, shi ma ya sani.

Mataki na huɗu: ku yanke maganar Lahadi kafin ka biya kuɗi

Tun ran gini ran zane. Rigimar besbol da Lahadi ta girme mu duka. A jihar nan sai a 1934 ƙungiyoyin Filadelfiya da Fitsbag suka fara wasan Lahadi bisa doka. Branch Rickey, ɗan ikilisiyar Methodist, wanda ya ɗauko Jackie Robinson ya karya shingen launin fata a 1947, ba ya wasa ran Lahadi lokacin da yake ɗan wasa, da ya zama koci ma wani yake bar wa ƙungiyar a ranar. Yau kuwa Lahadi cike take da wasanni, har akwai Baseball Chapel, wadda tun 1973 take shirya wa ƙwararrun 'yan wasa gajeriyar sujada a filin wasa.

Ƙungiyoyin yara iri biyu ne. Akwai ta unguwa, irin Little League, wadda Carl Stotz ya kafa a Williamsport a 1939. Wasanninta galibi da yamma ne a ranakun aiki da kuma Asabar. Akwai kuma ƙungiyoyin tafiye-tafiye, masu tsada, da ke zuwa gasa a wasu garuruwa a ƙarshen mako, kuma wasan ƙarshe sau da yawa ran Lahadi yake faɗawa. Yaronka in ya nuna hannu, za su zo nemansa.

Ku zauna da uwargida ku tsai da magana, sannan ka gaya wa koci tun ranar rajista, ba daren Asabar ba. Ni abin da na faɗa ke nan: "Ba za ka gan mu ran Lahadi kafin ƙarfe ɗaya ba. Bayan nan muna nan." Ya rubuta, magana ta ƙare. Wasu 'yan'uwa suna zuwa sujadar farko da sassafe su wuce fili da rigar wasa a ƙarƙashin kwat. Wasu ba sa taɓa ƙwallo ran Lahadi sam. Ban ga laifin kowa ba. Wanda nake jin tsoro shi ne gidan da bai yanke komai ba, yau a tafi gobe a fasa, har yaro ya gane da kansa cewa coci wurin zuwa ne in babu wasa. Mu dai mun ƙi ƙungiyar tafiye-tafiye. Ɗana ya yi fushi na mako guda, kuma ba zan ce maka bai yi asarar komai ba.

Mataki na biyar: a bakin fili

Aikinka biyu ne, ƙirge da kame baki. In an sa yaronka jifa, ka ƙirga. Dokar Little League ta ƙayyade jifa 50 a rana ga ɗan shekara 7 zuwa 8, 75 ga ɗan 9 zuwa 10, 85 ga ɗan 11 zuwa 12. In ya kai 66, hutun kwana huɗu ne kafin ya sake. Gwiwar hannun yaro ba ta gama ƙwari ba, in ya ce tana ciwo a sauke shi, ko wane irin wasa ne.

Kame bakin ya fi wuya. Alƙalin wasan yara sau da yawa saurayi ne ko wani uba mai taimako, zai yi kuskure, kai kuma mutanen unguwa sun san ka da Littafi a hammata ran Lahadi. Ka kuma tuna besbol wasan faɗuwa ne. Ƙwararren da ke samun bugu uku cikin goma gwani ne, kuma tun Ted Williams a 1941 babu wanda ya kai huɗu cikin goma a kakar manyan ƙungiyoyin da muke da su yau. To ina ga ɗan shekara tara? Na taɓa yi wa ɗana lacca tun daga fili har gida kan kuskure uku da ya yi. Da muka isa bai ci abinci ba. Uwargida ba ta ce mini komai ba, Afisawa sura ta 6 kawai ta buɗe ta aje mini a kan matashi. Tun daga ranar, a mota tambaya ɗaya nake yi: "Kana jin yunwa?"

Mataki na shida: ku je babban fili

Manyan ƙungiyoyi 30 ne, kowacce wasa 162 a kaka, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, don haka tikitin tsakiyar mako ba ya wuyar samu. Tun da aka sa wa mai jifa agogo a 2023, wasa ya dawo kusan awa biyu da minti arba'in, yara na iya jurewa. Ƙananan ƙungiyoyin garuruwa sun fi araha, kuma za ku zauna kusa har ku ji ƙarar ƙwallo a cikin safa. In da hali ku je ran 15 ga Afrilu, ranar da kowane ɗan wasa ke sa lamba 42 don tunawa da Robinson, ka ba yara labarinsa a hanya. Kowa ya tafi da safarsa, ko Allah zai sa ƙwallo ta faɗo wajenku.

Rajistar wasan bazara tun cikin sanyi ake buɗe ta, yawanci Janairu ko Fabrairu, ƙanƙara na ƙasa ba mai tunanin besbol. Ka tambayi makarantar yara ko ofishin wasanni na garinku tun yanzu, in kuɗin ya yi maka nauyi kuma ka faɗa musu, domin dokar Little League ta hana a mayar da yaro saboda iyayensa sun kasa biya.