Darasi: Yadda Ake Juya Kilo Zuwa Lita Wajen Auna Yashi da Siminti

Jama'a, siminti da kilo ake sayar da shi, yashi kuma wani ya ce tan, wani ya ce kubik, wani ya ce baro. A nan ake yawan cutar mai saye, ko kuma kwaɓi ya yi rauni, bangon makewayi ya zube da ruwan farko.

Abin awonmu shi ne jarka mai lita 20, tunda kusan kowane gida yana da ita. A samu tsohuwa, a zuba mata ruwa lita 20, a ja layi inda ruwan ya tsaya, sannan a yanke samanta.

Kubik ɗaya shi ne cikin akwati mai tsawon mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1. Lita 1,000 ke nan, wato jarka 50. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, amma ta busasshen yashi kusan kilo 1.6 ce. Don haka jarka ɗaya ta yashi ta kai kilo 32, kubik kuma kilo 1,600. In mai kaya ya ce tan ɗaya ya kawo, a raba 1,000 da 1.6: lita 625, wato jarka 31 da ɗan ɗori. Tan bai kai kubik ba, kada a biya su kuɗi ɗaya.

Buhun siminti mai kilo 50 kusan lita 35 ne. In magini ya ce kwaɓin 1 da 6, da mudu yake nufi, ba da sikeli ba: 35 sau 6 ya ba da lita 210, wato yashi jarka 10 da rabi ga kowane buhu. Baro kuwa girmansa ya bambanta, sai an fara ƙirga jarka nawa yake ci.

A kula da danshi. Yashi mai ɗan laima yana kumbura, har yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai jarka ta cika alhali yashin bai kai ba. Gwajin ba wuya: a cika jarka da shi, a kwarara ruwa har ya rufe shi, a motsa da sanda. Gwargwadon yadda ya sauka, shi ne abin da za a riƙa ƙarawa a kowane awo, a kuma rage ruwan kwaɓi kaɗan.