Amsoshin Tambayoyinku: Shin Kiɗan Zamanin Fir'auna Aka Tono?

Tambaya: Na ji wani kiɗan Turawa na makaɗa 'yan kaɗan, aka ce labarin gumakan Masar ta dā yake bayarwa. Kiɗan zamanin Fir'auna ne aka tono? Daga wani malamin makaranta a Mai Wurno, jihar Sinnar, Sudan.

Amsa: A'a, sabon kiɗa ne. Masarawan dā sun bar zanen makaɗansu a bangon kaburbura, sun bar kayan kiɗa, har da kakaki biyu na kabarin Tutankamun da aka busa a rediyon BBC a 1939. Amma ba su bar rubutun da zai nuna yadda karin waƙoƙinsu yake ba.

Labarin ne mawallafan yau suke ara, su gina sauti a kansa. Gérard Grisey na Faransa ya rubuta Anubis-Nout a 1983, mabushi ɗaya tak ke busa shi da wata ƙatuwar sarewa mai kaurin murya. A imanin Masarawan dā, Anubis mai kan dila ne ke kula da matattu, Nut kuwa ita ce sararin sama, tana haɗiye rana da magariba ta haife ta da asuba. Kiɗa ne mai nauyi, yana son a saurare shi a natse, amma kunnen Bafaranshe ne ya ƙago shi.

Ni dai, wanda ya fi ratsa ni ɗan bakin kogin Nilu ne da kansa. Hamza El Din Banube ne, an haife shi a Toshka a 1929, ƙasar da ruwan madatsar Aswan ya cinye. A 1971 ya fitar da Escalay, inda udunsa, abin kiɗa mai tsirkiya, ke bin juyin sakiya, injin ɗiban ruwan nan da shanu ke ja. Babu gunki ko ɗaya a ciki. Sautin kawai ke zagayawa yana ƙaruwa, ka ji gajiyar aiki da kewar gida. Makaɗan goge huɗu na Kronos Quartet a Amurka sun sake kaɗa shi a faifansu Pieces of Africa na 1992.

Ku da kakanninku suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a gaɓar Nilu, wannan kewar ba baƙuwarku ba ce. Malam, ka nemi Escalay ka fara da shi, sannan ka saurari Grisey.