Darasi Na Tara: Tsirrai A Matsayin Tushen Sinadaran Masana'antu

Gabatarwa

Roba da leda da fenti duk daga wasu sinadarai na tushe ake sarrafa su, kuma mafi yawan waɗannan sinadarai daga man fetur ake tace su. To, amma man fetur ba ya sabuntuwa, ledar da ake yi da shi kuma takan daɗe a ƙasa ba ta ruɓe ba. Wannan ne ya sa masana suka karkata ga tsirrai, waɗanda ke haɗa mai da sitaci daga hasken rana da ruwa da iska. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya fahimci yadda ake wannan aiki, ya kuma iya bayyana shi da Hausa.

Ma'anar Sauya Ƙwayoyin Gado

Kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gado masu tsara irin sinadaran da jikinta zai samar. Masana kan ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta su dasa a cikin tsiro, ko kuma su dakatar da aikin wadda tsiron yake da ita tun asali.

Misalai

A shekarar 1992, masana a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka suka dasa ƙwayoyin gado na wata bakteriya a cikin wani ƙaramin tsiro, sai ya fara samar da sinadarin PHB, wato nau'in roba mai ruɓewa. Sai dai tsirran farko sun tsumbure, sinadarin kuma bai taka kara ya karya ba.

Misali na biyu shi ne dankalin Amflora na kamfanin BASF na Jamus. Sitacin dankali nau'i biyu ne a gauraye, masana'antun takarda da gam kuwa ɗaya suka fi buƙata. Da aka dakatar da ƙwayar gadon ɗayan, sai aka huta da wahalar rarrabewa. Tarayyar Turai ta amince da nomansa a 2010, amma jama'a ba su karɓe shi ba. Kamfanin ya janye shi a 2012, sannan kotun Tarayyar ta soke izinin a 2013.

Matsaloli

Gonar da aka keɓe wa masana'anta ta fita daga cikin gonakin abinci. Haka kuma akwai fargabar irin da aka sauya ya gauraya da na ci.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa nasara a ɗakin gwaji ba ta wadatar ba. Dole sai an sami yabanya mai kyau da riba da kuma yardar al'umma.

Auna Fahimta

1. Kawo hanyoyi biyu na sauya ƙwayoyin gado.
2. Me ya hana Amflora ɗorewa?
3. Yaya za ka bayyana wa ɗaliban sakandare ma'anar "ƙwayar gado"?