Darasi Daga Rediyon Ruwanda: 'Yancin Magana Amana Ne



A shekarar 1993 aka buɗe wani gidan rediyo mai suna RTLM a Kigali, babban birnin Ruwanda. Kiɗa da barkwanci ya fara jawo matasa da su. A hankali masu gabatar da shirye-shirye suka koma kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. Da kisan ƙare dangi ya ɓarke a watan Afrilun 1994, rediyon ya riƙa ambaton sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. Cikin kwana ɗari aka kashe kimanin mutum 800,000. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta sami Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, da laifi.

To, maganin shi ne a toshe bakin 'yan jarida? A'a. Inda jarida ta yi shiru, azzalumi ne ke cin karensa babu babbaka. Sukar mai mulki da hujja hidima ce ga al'umma.

Sai dai 'yancin yana da sharuɗɗa. Ka tantance labari kafin ka yaɗa, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarta. Ka ji ta bakin wanda ake zargi. Kada ka ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila guda. In ka yi kuskure, ka gyara a inda ka faɗa.

Ɗan uwa, wayar hannunka ma gidan rediyo ce, magana kuwa zarar bunu ce.

Allah Ya tsare mana harsunanmu.