Ƙananan itatuwan dajinmu: mu dasa su cikin gari

Jama'ar Mayahi, kun san yadda iskar bazara take yi mana. Tana kwaso rairayi ta zuba a ƙofar gida. Tana cin gindin katanga. Tana zuba ƙura a idanun yara. Maganin wannan yana nan kusa, a gonakinmu da bakin Gulbin Kaba.

Itacen da aka kawo daga nesa yakan so ban ruwa da yawa, ga shi ruwa sai da kuɗi ko da wahalar guga. Amma sabara da ƴan uwanta sun saba da ƙasarmu. In sun kama, ruwan damina ya ishe su.

Sai dai kowane yana da wurin da yake so:

1. Sabara: tana son jigawa. Tana riƙe rairayi. Dashenta da wuya, saboda haka in ta tsiro a filinka, kada ka tumɓuke ta.

2. Kalgo: yana son kwari, inda ruwa yake kwanciya. Dabbobi suna cin ƴaƴansa.

3. Geza: tana jure fako da wuri mai tsakuwa.

4. Magarya: ƙayarta tana tare awaki, yara kuma su ci ƴaƴa.

5. Aguwa: reshe ake yankowa a kafa a ƙarshen bazara, ya zama shinge. Hattara! Ruwanta mai kama da nono yana cutar da ido. A gargaɗi yara.

Yadda ake dashe: a jira ruwa ya zauna, wajen watan Yuli. A haƙa rami, zurfin kamu biyu. A gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki. A dasa da marece. A kewaye da ƙaya, domin akuya ba ta da kunya. A ranin farko, a riƙa ba shi ruwa lokaci lokaci.

Tun shekarar 1983 manoman jihar Maradi suka fara sassaben zamani, suna renon tohon kututture har gonaki suka sake samun itatuwa. Abin da ya yiwu a gona zai yiwu a gari. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, kowa ya dasa nasa.

Tambaya: wace irin ƙasa ce a ƙofar gidanka? Wane itace ya dace da ita?